Na iya 1 da 2 a kan abakus, amma 4 da 1 ya tsayar da ni

Tambaya: Malam, na sayi abakus, wato katakon lissafi mai ƙwayoyi, don in koya, in kuma koya wa 'yata mai shekara bakwai. Na iya jera lambobi, ina kuma iya tara 1 da 2, ko 5 da 3. Amma da na zo kan 4 da 1, ko 9 da 7, sai ƙwayoyin su ƙare in yi cirko-cirko. Abin da nake yi shi ne in yi lissafin a kaina, in share, in jera amsar. Haka ake yi? Kuma anya ban girme wa wannan karatu ba?

Amsa: A'a ɗan'uwa, ba haka ake yi ba, kuma gara ka daina tun hannunka bai saba ba. Ni ma da wannan dabarar na fara. Na yi watanni ina ruɗin kaina, ina lissafi a ka ina jera amsa a kan katako, har ina ganin na iya. Ranar da aka karanto mini lambobi goma a jere, kowacce mai gida uku, ranar asirina ya tonu. Kafin a kai ta huɗu kaina ya cika, hannuna kuma bai san inda zai dosa ba, domin ban taɓa koya masa komai ba. Wurin nan da ka tsaya, wato 4 da 1, nan ne ainihin karatun yake farawa. Duk abin da ka yi kafin nan gaisuwa ce.

Kafin mu shiga, duba abin da ke hannunka, domin abakus iri-iri ne. Akwai na yara mai wayoyi a kwance, kowace waya da ƙwaya goma masu launi. Wannan yana da kyau wajen koyon ƙirga, kuma ɗan'uwan na Rasha ne da ake kira schoty, amma ba a kansa ake yin abin da zan faɗa maka ba. Akwai na Sin, suanpan, mai ƙwaya biyu a sama da biyar a ƙasa. Sai na Japan, soroban, mai ƙwaya ɗaya a sama da huɗu a ƙasa. Daga Sin ya shiga Japan, aka yi ta rage masa ƙwayoyi har ya tsaya a wannan siffa wajen shekarun 1930. Tunda ka ce ƙwayoyinka suna ƙarewa a 4, na san soroban ne da kai, kuma shi na fi so wa mai farawa, saboda kowace lamba daga 0 zuwa 9 hanya ɗaya tak take da ita ta bayyana a kansa. Wanda suanpan ya faɗo hannunsa kada ya damu: ya ƙyale ƙwaya ta can ƙoli da ta can ƙasa kamar babu su, ya zama soroban.

Ka ce ka iya jera lambobi, don haka a gurguje zan wuce nan. Akwai shingen da ya ratsa tsakiya. Ƙwayar da ta matso jikin shingen ita ce ake ƙirgawa, wadda ta yi nesa da shi babu ita a lissafi. Ta sama 5 ce, na ƙasa kowacce 1 ce. Kowane tsinke gida ne: gidan ɗaiɗai, na hagunsa gidan goma, na gaba gidan ɗari. A jikin shingen za ka ga ɗigo bayan kowane tsinke uku. Zaɓi tsinke mai ɗigo ka mai da shi gidan ɗaiɗai, kuma kada ka riƙa canja shi kullum. In za ka share, ka ɗaga kan abakus ɗin ƙwayoyi su zubo ƙasa, ka kwantar da shi, sannan ka ja yatsa tsakanin shinge da ƙwayoyin sama daga hagu zuwa dama. Wasu suna zuwa da maɓallin da ke yin wannan a take.

Yatsu biyu ne ke aiki, kuma kowanne da nasa. Babban yatsa aikinsa ɗaya: tura ƙwayoyin ƙasa zuwa sama. Sauran aiki duka na manuniya ne, ita ke sauko da ƙwayoyin ƙasa, ita ke sauko da 5, ita ke mayar da ita. In za ka sa 6, 7, 8 ko 9, sai ka haɗa yatsun biyu ka matse lokaci guda kamar mai tsintar abu. Mutane suna raina wannan ƙa'ida, suna cewa ai kowane yatsa zai iya tura ƙwaya. Gaskiya ne zai iya. Amma abin da ake nema shi ne kowane lissafi ya zama yana da motsi guda da ba ya canjawa, har hannu ya haddace shi. Wanda yau ya tura da wannan yatsa, gobe da wancan, hannunsa ba zai taɓa faɗawa ba.

To, mu zo kan 4 da 1. Ƙwayoyin ƙasa huɗu duk suna jikin shinge, kana son ƙara ɗaya, babu. Amma ga 5 can sama tana zaune. In ka sauko da ita ka ƙara 5 ke nan, alhali 1 aka ce ka ƙara. Ka wuce da nawa? Da 4. Sai ka mayar da 4. Sauko da 5, ture 4 ƙasa, abin da ya rage 5. Dukkan motsin ƙasa ya nufa, da manuniya, kamar shara ɗaya.

Abin da za ka riƙe a nan shi nake kira cikon biyar. 1 da 4 suna cika juna, 2 da 3 suna cika juna. Shi ke nan, babu na uku. Duk lokacin da za ka ƙara 1, 2, 3 ko 4 ka ga ƙwayoyin ƙasa ba su isa ba, kuma 5 tana sama ba a sauko da ita ba, ka sauko da 5 ka cire cikon lambar. Gwada 3 da 4: ƙwaya ɗaya ce ta rage a ƙasa, ba ta isa ba. Cikon 4 shi ne 1. Sauko da 5, cire 1. Duba abin da ya rage: 5 a sama, 2 a ƙasa, 7. Lura da abin da ya faru. Ba ka tambayi kanka 3 da 4 nawa ne ba. Abu biyu kawai ka tambaya: ƙwayoyin sun isa? In ba su isa ba, mene ne ciko? Amsar da kanta ta bayyana, kai karantawa kawai ka yi. Wanda ya gane wannan ya gane abakus.

Ɗebewa kuwa juya hanyar ake yi. A ce 6 a ɗebe 3. Kana da 5 a sama da 1 a ƙasa, ba yadda za ka cire uku daga ƙwaya ɗaya. Za ka cire 5 ne gaba ɗaya, amma ka cire fiye da kima da 2, don haka dole ka mayar da 2. A aikace, da mayarwar ake farawa: tura 2 sama da babban yatsa, sannan ka ɗaga 5 da manuniya. Duk motsin sama ya nufa. Saura 3.

Shawarata ka zauna a nan mako guda, ko fiye. Na san ran mutum yana son ya ruga zuwa manyan lambobi, amma duk wanda na gani yana tuntuɓe a gaba, in aka bi sawu, cikon biyar ne bai zauna masa ba.

Sai cikon goma, wanda shi ne ya tsayar da kai a 9 da 7. Wannan ma ba baƙo ba ne a bakinmu. Bahaushe yana cewa ashirin ba ɗaya yana nufin 19, yana cewa talatin ba biyu yana nufin 28. Wato ya haura zuwa cikakkiyar lamba, ya dawo baya da ɗan abin da ya rage. Haka abakus yake tunani. A wurinsa 9 goma ce ba ɗaya, 8 goma ba biyu, 7 goma ba uku, 6 goma ba huɗu. Abokan cikon su ne 1 da 9, 2 da 8, 3 da 7, 4 da 6, sai 5 da 'yar'uwarta 5.

Jera 9. Za ka ƙara 7, tsinken ya cika maƙil. Tunda 7 goma ce ba uku, cire 3 a wannan tsinken, ka tura ƙwaya ɗaya a tsinken hagu. Ka samu 1 a gidan goma, 6 a gidan ɗaiɗai, 16. A tarawa, da cire ciko ake farawa, sannan a kai ɗaya hagu. A ɗebewa kuma da aro ake farawa. A ce 16 a ɗebe 7: a gidan ɗaiɗai 6 ce, ba ta kai 7 ba. Sauke ɗaya a gidan goma, ka ƙara 3 a gidan ɗaiɗai. Ga 9 ta dawo. Wasu malamai suna koyar da wani jerin daban, ba kuma laifi ba ne, amma wanda ka ɗauka ka tsaya a kansa. Mai sauya jeri shi ne wanda zai tsaya a tsakiyar lissafi yana tambayar kansa, na kai ɗayan nan hagu ko ban kai ba?

Yanzu ga inda mafi yawan masu koyo suke ajiye abakus su ce ba za su iya ba: inda cikon biyu suka haɗu a lissafi ɗaya. Ɗauki 7 da 6. Tsinken ba zai ɗauki 6 ba, don haka cikon goma ne: cire 4, kai ɗaya hagu. To amma 7 ɗin nan 5 ce da ƙwaya biyu, ina za ka sami huɗun da za ka cire? Nan sai ka koma darasin cikon biyar. Cire 4 daidai yake da ƙara 1 a cire 5. Don haka tura 1 sama, ɗaga 5, sannan ka kai ɗaya gidan goma. Ka samu 13. Babu sabon abu a ciki, dabaru biyu ne da ka riga ka sani, ɗaya ta shiga cikin ɗaya. Juyinsa kuma, 13 a ɗebe 6: sauke ɗaya a gidan goma, ƙara 4 a kan 3. Ƙwayoyin ƙasa ba su isa ba, sai ka sauko da 5 ka cire 1. Saura 7.

Irin waɗannan ba su da yawa. A tarawa suna faruwa ne idan za ka ƙara 6, 7, 8 ko 9 a kan tsinken da 5 ɗinsa ke jikin shinge, kuma ƙwayoyin ƙasa ba su kai cikon ba. Ka rubuta su da kanka a takarda: 5 da 6, 5 da 7, 5 da 8, 5 da 9, 6 da 6, 6 da 7, 6 da 8, 7 da 6, 7 da 7, 8 da 6. Goma ne cif. Ka yi ta maimaita su da juyinsu, kana faɗin motsin da baki, har ranar da za ka ga hannu ya riga bakin.

Da ka fara lambobi masu gida biyu da uku, akwai abin da zai ba ka mamaki: daga hagu ake farawa, ba daga dama ba kamar yadda muka koya da alƙalami. Dalilin a fili yake. In mutum yana karanto maka lamba, da babba yake farawa: ɗari biyu da hamsin da takwas. Hannunka yana bin bakinsa, kafin ya rufe baki ka gama sakawa. A takarda ana gudun farawa daga hagu ne saboda za a yi ta goge abin da aka rubuta, amma a nan gyaran bai wuce tura ƙwaya ɗaya ba.

Mu yi 258 da 367 tare, abakus a gabanka. Jera 258. Gidan ɗari, ƙara 3 a kan 2: ƙwayoyin ba su isa ba, sauko da 5, cire 2. Yanzu kana ganin 558. Gidan goma, ƙara 6 a kan 5: irin mai ruɓi biyun nan ne, tura 1, ɗaga 5, kai ɗaya gidan ɗari. Kana ganin 618. Gidan ɗaiɗai, ƙara 7 a kan 8: cire 3, kai ɗaya gidan goma. Amsa 625. Kada ka share. Ɗebe 367 daga ciki, har yanzu daga hagu. 6 a cire 3: tura 2, ɗaga 5, ka ga 325. A gidan goma 2 ba ta kai 6 ba: sauke ɗaya a gidan ɗari, ƙara 4 ta hanyar sauko da 5 da cire 1, ka ga 265. A gidan ɗaiɗai 5 ba ta kai 7 ba: sauke ɗaya a gidan goma, tura 3 sama. Ga 258 ɗinka ta dawo. Wannan ita ce hanyar duba aiki mafi sauƙi, kuma da jifa ɗaya ka yi atisayen tarawa da ɗebewa.

Akwai wani tarko ƙarami. Wani lokaci ɗayan da za ka kai hagu ba ya samun wurin zama. 45 da 5: ka ɗaga 5, ka je gidan goma ka tarar da 4 a cike. Kada ka rikice, 4 da 1 ɗin nan ne da ka tambaye ni a kansa: sauko da 5, ture 4, ka samu 50. A 99 da 1 kuma, ka share 9 na ɗaiɗai, ka je gidan goma ka tarar shi ma 9 ne, ka share shi, ka kai ɗayan gidan ɗari. Haka a aro. 100 a ɗebe 1: maƙwabci na kusa ba shi da komai, sai ka wuce gaba ka sauke ɗaya a gidan ɗari, ka cika gidan goma da 9, ka sa 9 a gidan ɗaiɗai.

Batun atisaye, minti goma sha biyar kullum ya fi awa uku ranar hutu. Kuma kada ka nemi sauri. Saurin da ka gani a wurin gwanaye bai zo daga gaggawa ba, daga rashin tsayawa tunani ya zo. A watan Nuwamban 1946 a Tokyo an haɗa wani ma'aikacin Japan, Kiyoshi Matsuzaki, da soroban ɗinsa, da wani sojan Amurka, Thomas Nathan Wood, da injin lissafi mai aiki da lantarki. Mai soroban ya ci 4 da 1, a ninkawa kaɗai injin ya yi galaba. Injin wancan zamani ne, kada wani ya ɗauka ina cewa za ka tsere wa kwamfuta. Abin lura shi ne tarawa da ɗebewa suna cikin abin da ya ci, kuma motsin da ya yi amfani da su waɗannan ne dai da ka karanta yanzu, ba wasu na asiri ba.

Tsohon atisayen da ya fi amfani shi ne tara lambobi a jere: 1, ƙara 2, ƙara 3, haka har gaba. Kyawunsa shi ne kana da tashoshin dubawa. A 10 dole ka ga 55, a 20 ka ga 210, a 36 ka ga 666, a 50 ka ga 1275, a 100 ka ga 5050. In ka isa 20 ka ga wani abu ba 210 ba, ka san ɓarnar tana tsakanin 11 da 20, ba sai ka yi ta lalube ba. Ka kuma duba girman saɓanin, yana da labarin da yake bayarwa. In da 5 ka kauce, ƙwayar sama ce ka manta ko ta zame. In da 10 ne, ɗayan nan ne ba ka kai hagu ba, ko ka kai sau biyu. In da 1 ko 2 ne, galibi ciko ka musanya, ko yatsa ya kwaso ƙwaya fiye da yadda ka nufa. Da ka kai 5050, ka juyo kana ɗebewa daga 100 zuwa 1, sai ka ga katako fes babu komai.

Game da shekaru, gemu ba ya hana ilimi, balle wannan da bai wuce 'yan motsi ƙidayayyu ba. Babba ma ya fi saurin gane dalilin ciko. Inda yaro ya fi ka shi ne ba shi da tsohuwar hanyar da zai gudu ya fake a cikinta, kai kuwa kanka zai yi ta jefo maka amsa tun kafin hannu ya motsa. In ya jefo, ƙyale shi, ka gama motsin. Akwai matakin da gwanaye ke kaiwa, wanda a Japan ake kira anzan, inda mutum ke ganin abakus ɗin a zuciyarsa yana tura ƙwayoyin da babu su. Wannan yara da suka fara da wuri sun fi kaiwa can, kuma kada ka sa shi a gaba yanzu. Masu cewa abakus zai mai da yaro haziƙi a kowane fanni kuwa, ni ban sayi wannan magana ba. Abin da na gani da idona shi ne yana sa yaro ya san gidajen lamba da hannunsa, ya daina tsoron aro, kuma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne. Ko makafi suna koyon lissafi da wani nau'insa da ake kira Cranmer, wanda aka sa wa shimfiɗa mai laushi a baya don kada ƙwayoyin su zame idan ana shafa su.

Ita kuma 'yar taka, kada ka fara mata da dokoki. Ka bar ta mako ɗaya ko biyu tana jera lambobi tana karantawa, kai ka jera ta faɗa, ita ta jera kai ka faɗa, wani lokaci ka yi kuskure da gangan ta kama ka. Cikon biyar kuwa yana jikin hannunta: ta lanƙwasa yatsa ɗaya, saura nawa a miƙe? Ta lanƙwasa biyu, saura nawa? Cikon goma hannu biyu ne. Ka riƙa jefa mata lamba tana mayar maka da cikonta, ka ce bakwai ta ce uku, har ya zama wasa. Ranar da ta zo kan 4 da 1 ta tsaya kamar yadda ka tsaya, kada ka yi saurin faɗa mata. Nuna mata ƙwayar sama, ka tambaye ta in aka sauko da wannan an ba da fiye da kima da nawa.

Kai kuma idan 5050 ta fara fito maka sau uku a jere ba kuskure, ga na gaba, in dai abakus ɗinka yana da tsinke goma ko fiye. Jera 123456789, ka yi ta ƙara 123456789 a kai, daga hagu zuwa dama. Bayan ƙari na farko za ka ga 246913578, bayan na biyu 370370367. Idan lambar ta shiga sau tara, abin da zai tsaya a gabanka shi ne 1111111101. Daga nan ka fara ɗebe ta sau tara har ka koma sifili.